Faɗuwar Tankin Tungar Marke

Hantsi bai gama ɗagawa ba tankin ruwan Tungar Marke ya faɗi. Matan da ke layi da jarkokinsu sun ce wani kuka suka fara ji daga ƙarafan da ke ɗauke da shi, sai ƙafar gabas ta lanƙwashe, tanki ya taho da ruwansa gaba ɗaya. Wayoyi suka tsinke, janareto ya mutu. Yari, mai kula da injin, yana tsaye a ƙarƙashi yana buɗe wa mata famfo. Da aka jawo shi daga cikin laka da ƙarafa yana numfashi, amma ƙafafunsa ba sa motsi. Aka aza shi a motar da ta zo ɗaukar gero, aka nufi Sabon Birni, matarsa Tani na tallafe da kansa.

Tsakiyar bazara ce. Rijiyoyin garin sun daɗe da ƙafewa, burtsatsen da ke cika tankin kaɗai ake sha, da mutanen gari da rugar Fulanin da ke bayan fadama. Wata bakwai ke nan da gina tankin.

Wanda ya gina shi ma yana wurin. Injiniya Abdurra'uf ɗan garin ne, ko da yake a Sabon Birni yake zaune, kuma ranar a gidan mahaifinsa ya kwana. Mutane na can gefen gabas inda ruwa ya malala, sai ya shiga cikin shingen waya ta ƙofar yamma, inda janareto yake. Ba a jima ba aka ji muryarsa.

"Ku zo ku gani! Kar kowa shi shigo, daga nan za ku duba!"

Wata babbar sifana ce, irin ta kwance noti, yashe a kan rairayi, taku uku daga gindin injin.

"An sassauta notunan ƙahwahun tankin ga," in ji shi. "Aikin hannu ne. Ƙarhe ba ya hwaɗuwa haka kawai."

Nan take wata mata ta tuna ta ga Jibrilla, wani matashin makiyayi, jikin shingen da sassafe. Wata ta tuna cewa makon jiya Jibrilla ya yi cacar baki da Yari a kan shayar da shanu, har ya ce masa tankin nan sai ya faɗo masa a kai. Kafin a ankara samari sun tare shi a bakin fadama. Aka kawo shi zauren Marafa, mai garin, hannuwansa ɗaure da igiyar shanunsa, bakinsa na jini. 'Yan sa-kai suka fara taruwa a ƙofar gida da bindigoginsu na gida, suna kallon hanyar ruga.

Marafa ya aika a kira Na'Allah.

*

Na'Allah ya haura saba'in. Ya yi shekara arba'in yana bin sawun shanun sata, daga dajin Tsamaye har bayan Burkusuma, wani lokaci har cikin Nijar. Cutar yana ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan kuwa ba a ɓoye masa komai a ƙasa. Bai taɓa riƙe bindiga ba. Wata siririyar sanda ce kawai a hannunsa, da ita yake zagaye sawu idan ya so a kiyaye shi.

"Ranka shi daɗe, ga ni."

"Na'Allah, ka ga yaran can?" Marafa ya nuna ƙofa da haɓa. "Na roƙe su su dakata har la'asar. Bayan nan ba ni iya riƙe su. In sunka shiga rugag ga, ka san abin da za ya biyo baya. Ka gani garin Kurawa, ka gani wurare da yawa. Ba mu ƙara yin noma cikin kwanciyar hankali."

"In na iske yaron ga shi yay yi fa?"

"Sai ka hwaɗa. Amma shi ɗaya, ba uwatai da ƙannenai ba."

Na'Allah ya fita. Gefen gabas bai tsaya ɓata lokaci ba, ruwa da ƙafafun jama'a sun cuɗe wurin. Ya zagaya yamma ya tsaya a ƙofar shinge. Nan ƙasa a bushe take. Abin da ya fara ɗaukar hankalinsa shi ne yashin da ke kewaye da daɓen simintin da aka ɗora janareto da ƙafafun tanki a kansa. Yashin ya yi wasu ƙananan layuka a jere, lanƙwashe, kamar an bi shi da matsefi. Iska ba ta yin irin wannan zane.

Ya juya ga wata tsohuwa mai suna Mairama da ke zaune kan jarkarta babu ruwa.

"Mairama, in injin ga na aiki, mi kuka ji?"

"Kai dai bari. Ƙasa rawa takai. In ka aje kwano bisa daɓen ga, sai ka gan shi shina tahiya shi kaɗai. Haƙoranka ma sai sun yi ƙaiƙayi. Mun hwaɗa ma Yari, yac ce ya gaya ma masu abin."

Na'Allah ya bi shingen ta waje. Ya sami sawun takalmin roba irin na makiyaya, ya zo daga fadama har kwamin shayar da dabbobi, ya tsaya, ya juya. Can nesa sawun ya fito sarai, amma kusa da shinge gefunansa sun zube, ya dushe. Sai ya shiga ciki, yana taka gefen waya don kada ya ɓata komai, ya tsuguna gaban sifanar. Ya daɗe a nan, kuncinsa kusan a ƙasa. Bai taɓa ta ba. Ya ari babban bahon wanki wurin mata ya kife a kanta, ya zagaye wasu sawaye da sandarsa, ya sa dogarin Marafa ya zauna a ƙofar.

"Ko kaza ta shiga nan, kai za ni tambaya."

*

Jibrilla na jingine da bangon zaure, ido ɗaya a kumbure. Bai fi shekara ashirin da biyar ba. Na'Allah ya zauna kusa da shi, ya ba shi ruwa a moɗa.

"Ka je wurin tanki yau?"

"Na je, Baffa."

"Yin mi?"

"In duba ko akwai ruwa cikin kwami. Babu. Na koma."

"Ka shiga shinge?"

"Ban taɓa shiga ba. Yari ba ya barin kowa."

"An ce ka ce ma Yari tanki za ya hwaɗo mai bisa kai."

Jibrilla ya sunkuyar da kai. "Na hwaɗa."

"To?"

"Baffa, ba zagi na ba. Shanuna sun hi wata guda ba su son kusantar wurin in injin na aiki. Sai sun ji ƙishi ya kai masu wuya kana su matsa, su sha suna ja da baya. Na ce mai shi bar ni in shayar da su in ya kashe injin. Yac ce a'a. Raina ya ɓaci, nac ce mai abin da dabba ka gudu kai kana kwana ƙarƙashinai, wata rana sai ya hwaɗo maka. Haka nac ce. Wallahi haka nac ce."

"Ka iya kwance noti?"

Jibrilla ya ɗago hannuwansa da ke ɗaure ya dube su. "Ban san ta wane gehe aka juya shi ba."

A waje wani ya harba bindiga sama. Jibrilla ya razana, ya kama rigar tsohon.

"Innata na ruga. Ba ta iya gudu."

Na'Allah bai yi masa alkawarin komai ba. Ya tashi ya fita.

*

Ya koma wurin ƙarafan da suka faɗi. A ƙafar gabas, daidai inda ƙarfen gicciye ya haɗu da ita, ya ga fenti ya fi na sauran wurare sheƙi. Ya kankare shi da farce. A ƙarƙashi akwai sabon ɗinkin walda, kusa da shi kuma wani, ƙarfen ya tsage a gefen duka biyun.

Mai walda ɗaya ne a garin. Na'Allah ya iske Marwan yana rufe shagonsa da rana tsaka, jaka a kafaɗa.

"Ina zuwa, Marwan?"

"Tsamaye, Baba. An kira ni aiki."

"Ba ka ɗauki kayan aiki ba."

Marwan ya tsaya da kwaɗo a hannu.

"Yaushe rabonka da tanki?"

"Tun da munka gama shi."

"Fentin da kas shafa bai bushe ba, ga shi nan cikin farcena. In nah hita nan nac ce ma yaran can waldarka ta kashe Yari, kana ganin za ka kai Tsamaye?"

Marwan ya zauna a kan benci. "Sau biyu nil liƙe shi. Na hwarko wata biyu da sunka wuce, na biyu ran Lahadi. Duk inda nil liƙe sai gehenai shi tsage. Ban taɓa ganin ƙarhe na yin haka ba."

"Wa yas sa ka?"

"Yari ya kira Injiniya, Injiniya ya kira ni. Yac ce in yi da rana tsaka sa'ad da mata ba su nan, kar hankalin mutane shi tashi."

"Ba ka tambaye shi dalilin tsagewar ba?"

"Na tambaya. Yac ce lissafin wata yarinya ne da tay yi bautar ƙasa kamfaninai. Ikilima, 'yar garin Isa. Ita taz zana komi cikin kwamfuta. Yac ce in akwai kuskure nata ne, shina rufa mata asiri ne kawai."

"Sifanar can taka ce?"

"Nawa duk na ɗiga masu walda ga gindi, don kar a sace. Je ka duba."

"Aje jakar. Ka zo bakin tanki da la'asar, ka zo da sifana guda irin waccan."

*

Bai sha wahalar neman Ikilima ba. Ana kiran azahar ɗan kabu-kabu ya sauke ta a bakin burtsatse, jakar kwamfuta a bayanta, hijabinta duk ƙura. Labari ya iske ta a Isa ta waya. Ta tsaya tana kallon ƙarafan, hannunta a baki. Wasu mata suka fara nuna ta suna magana ƙasa-ƙasa, don maganar Marwan ta riga ta fita.

Na'Allah ya ja ta zuwa inuwar wani marke.

"Ke ce Ikilima? An ce lissafinki ne."

"Nawa ne, Baba." Ta sauke jakarta. "Tun daga Isa nike sake shi cikin kaina. In ni nay yi kuskure, za ni hwaɗa gaban kowa."

"Gaya min yadda aka yin shi. Ki yi kamar kina ma jahili bayani, don shi ne gabanki."

Ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa, ta buɗe kwamfutar. Hoton tankin ya fito, da ƙafafunsa huɗu da ƙarafan gicciye.

"Baba, ka taɓa ganin ana kaɗa reshen icce don 'ya'ya su zubo? In ka ja shi da sauri ƙwarai ba ya yin nisa, in ka ja shi a hankali ƙwarai ma haka. Amma akwai wani bugu da in ka dace da shi, da ƙarhi kaɗan sai reshen shi yi ta lilo har shi karye."

"Na sani."

"Kowane ƙarhe haka yake. Shi ko injin shina da nashi bugu. Wanga janareto sau ashirin da biyar shika bugawa cikin sakan guda. To cikin manhajar ga, sai in gina tankin, in ce mata ta girgiza shi. Amma ni ka hwaɗa mata bugun da za ta gwada. Ni ka rubuta mata daga nawa, zuwa nawa, da tazarar da za ta bari tsakani. Na sa mata daga biyar zuwa sittin, tana hawa rabi-rabi, don kar ta tsallake komi."

Ta danna, wani layi ya fito kwance, can wajen ƙarshe ya yi tudu.

"Wanga da ƙarhen da na rubuta a saya ne, mai kauri. Ka ga tudun? Can wajen arba'in da biyu yake, nesa da bugun injin. Lahiya lau." Ta sake dannawa. Wannan karon layin ya yi tsini kamar mashi a tsakiya. "Wanga ko da siririn ƙarhe ne. Injiniya yac ce in gwada mai shi gani. Tsinin ga bisa ashirin da biyar yake, daidai bugun injin. Na nuna mai. Na ce ko dai a sa mai kauri, ko a yi ma janareto daɓe nai daban. Yac ce ya ji. Bayan sati biyu nig gama bautar ƙasa nit tahi gida."

"Wane anka sa?"

Ta ciro wani ɗan ma'auni daga jaka, ta je ta maƙala shi a jikin ƙarfen gicciye. Ta duba, ta sake aunawa a wani wurin. Da ta dawo idanunta sun kaɗa.

"Siririn."

"Masu ba da aikin ba su duba ba?"

"Sai da rahoto suka yarda. Kuma rahoton da na rubuta cewa yay yi siririn ba ya yi."

Na'Allah ya tuna an bai wa Marafa wasu takardu ranar buɗe tankin. Ya aika aka kawo su cikin leda. Ikilima ta buɗe. Sunanta ne a shafin ƙarshe, da sa hannunta. A shafi na shida ga kaurin siririn ƙarfe an rubuta, ga layin girgiza a ƙasansa, kwance lumui, babu tsini ko kaɗan.

"Ba ya yiwuwa," ta ce. Ta kai takardar kusa da fuskarta, ta bi wasu ƙananan rubutu a ƙasan zanen da yatsa. 

"Mi kig gani?"

"An canza tazarar. Daga goma zuwa sittin, goma-goma. Ta gwada goma, ta gwada ashirin, ta tsallaka talatin. Ba a tambaye ta ashirin da biyar ba, Baba. An cire shafukana na tsakiya, an bar wanda nis sa ma hannu."

"Wa ka iya wannan?"

"Ni da Injiniya kaɗai muka taɓa kwamfutar ofis."

Na'Allah ya dubi ƙofar gidan Marafa. Taron ya ninka na ɗazu.

"Ɗiyata, na yarda da ke. Amma yaran can ba su karatun takarda, kuma sunanki ne bisa. Injiniya za ya ce ke kic canza. Ko ya ce ƙarhe siriri ne amma Bahillace ya kwance noti." Ya juya ya dubi janareto. "Injin ga shina tashi?"

"In an cire wayoyin da sunka tsinke, shina tashi."

"To je ki cire su. Ki bi ta bisa daɓe, kar ki taka yashi."

*

Ana idar da sallar la'asar waya ta shigo wa Marafa. Ya saurara, ya yi salati, ya sauke ta. Yari ya cika a asibiti.

Kuka ya ɓarke a cikin gidaje. Samari suka yi kan zaure, wasu suka hau babura. Marafa ya fito ya tsaya a ƙofa da kansa, ya buɗe hannuwa.

"Kun yi man alkawarin la'asar, kuma Na'Allah bai yi magana ba. Mu tahi bakin tanki. In kun ji shi, abin da kunka ga dama ku yi."

Aka tafi da Jibrilla a ɗaure. Jama'a suka kewaye shingen. Marwan na gefe da sifanarsa, Ikilima na tsaye a kan daɓe kusa da janareto. Abdurra'uf ya zo cikin farar shadda da rufaffen takalmi, mahaifinsa tsoho na biye da shi yana dogara sanda.

Na'Allah ya shigar da Marafa da liman da shugaban 'yan sa-kai, wani ƙaƙƙarfan mutum mai suna Dalhatu, ya sa suka bi gefen waya. Ya ɗage bahon.

"Dalhatu, kai ka hi kowa son gaskiya yau. Tsuguna. Ka ga layukan ga bisa yashi? Rawar injin ka yin su. Ɗauki sifanar a hankali, ka hwaɗa ma mutane abin da kag gani ƙarƙashinta."

Dalhatu ya ɗaga ta. Ya daɗe yana kallo.

"Layukan sun wuce ta ƙarƙashi. Ba su yanke ba."

"Ta nutse?"

"A'a. Bisa take."

"Marwan, miƙo taka."

Na'Allah ya ajiye sifanar Marwan a wani wurin daban, ya danna tafin ƙafarsa a yashi kusa da ita har sawu ya fito. Ya ɗaga wa Ikilima hannu. Ta tayar da injin.

Ƙasa ta ɗauki rawa. Waɗanda ke riƙe da shingen suka ji waya na kaɗawa a tafinsu.  A gaban idonsu ƙwayoyin yashi suka fara tafiya, gefunan sawun tsohon suka zube, ya fara shafewa. Sifanar Marwan ta riƙa nutsewa kaɗan-kaɗan, yashi na taruwa a jikinta. Ba a yi minti biyar ba rabinta ya shige. Na'Allah ya sa aka kashe.

"Mairama, yau tun yaushe injin ka aiki?"

"Tun hitowar rana, har sa'ad da tanki yah hwaɗi," tsohuwar ta amsa daga bayan shinge.

"Kun ji. Da an yar da waccan sifana kahin tanki shi hwaɗi, da sai an tona kana a gan ta. Bayan injin ya mutu anka aje ta. Sa'annan Jibrilla na bakin fadama da shanunai, ku kunka kamo shi can. Sawunai na waje, ya dushe, don sa'ad da yaz zo injin na aiki." Ya nuna da sandarsa inda ya zagaye da safe. "Sawu guda ne cikin shingen ga da bai dushe ba kahin in shigo. Rawar yanzu ta ɓata na kusa da injin, amma ku dubi na can nesa, bai taɓu ba. Rufaffen takalmi. Daga ƙohwa ya taho, bai waiwaya dama ba, bai waiwaya hagu ba, bai tsaya duba injin ba. Mai neman abin da bai san inda yake ba yawo shikai. Wanga ya miƙe sak har wurin, ya duƙa, ya tashi."

Kowa ya juya ya dubi ƙafafun Abdurra'uf.

"Na hango ta daga ƙohwa ne," ya ce. "Don na ga abu shi ne laihi? Ku tambayi yarinyag ga, lissafinta ne!"

Ikilima ta sauko da takardar a hannu ɗaya, kwamfuta a ɗayan. 

"Yallaɓai, ka tuna ranar da nin nuna maka tsinin ga? Kac ce in rage yawan bugun da nika gwadawa, wai na cika ɓata lokaci. Nac ce in an buɗa tazara za a tsallake wurin haɗarin. Kai kak koya man haka da bakinka satin da niz zo. Ga nawa, da ranar da niy yi shi. Ga wanda kab ba Marafa. A kai su Sakkwato, duk injiniyan da anka ga dama shi duba."

"Sau biyu yas sa ni in liƙe tsagar a ɓoye," in ji Marwan, bai ɗaga kai ba.

Abdurra'uf ya ja da baya. Mahaifinsa ya matso ya tsaya a gabansa.

"Abdurra'uhu, dube ni. Kai ka aje ta?"

Abdurra'uf ya sunkuyar da kai.

"Baba, na ɗauka tankin za ya kai damina. Na yi niyyar canza ƙarahan, wallahi na yi niyya. Da nig ga Yari ƙasa, sai kaina ya ɗauke. Sifanar na cikin motata, kawai sai nid ɗauko ta. Ban ce Jibrilla ba. Ban ambaci sunan kowa ba."

"Ka ji ana ambata tai, ka yi shiru," in ji Na'Allah.

Mahaifin Abdurra'uf ya zame ya zauna a ƙasa. Taron ya yunƙuro, shinge ya fara kwantawa. Wani ya ɗaga bindiga. Dalhatu ne ya riga kowa, ya sha gaban Abdurra'uf, sifanar na hannunsa.

"Ba mai taɓa shi! Da sahe mun kusa kashe wanda bai yi komi ba. Wanga hukuma za mu ba. Wanda yam matso, da ni za ya yi."

Aka shigar da Abdurra'uf zauren Marafa, inda Jibrilla ya wuni, aka rufe, aka kira 'yan sanda daga Sabon Birni. Marafa da kansa ya kwance igiyar hannun Jibrilla. Ya cire rawaninsa na kafaɗa ya goge masa jinin baki.

Ikilima ta koma gindin marke ta zauna. Na'Allah ya iske ta tana kuka.

"An wanke ki, ɗiyata."

"Na san Injiniya ya so siririn, Baba. Isa zuwa nan ba nisa. Sau guda da na zo da ma'aunin ga, da Yari na nan."

Na'Allah bai ce mata ba haka ba ne. "Gari ba ya da ruwa," ya ce. "Ki share hawaye ki duba ko injin na iya turo shi kai tsaye cikin kwami, kahin a sake wani tankin."

Ta tashi ta kira Marwan.

*

Na'Allah ya ce shi zai raka Jibrilla gida, don kada wani da labari bai iske ba ya tare shi a hanya. Suka ratsa fadama rana na sunkuyawa. Jibrilla na gaba yana sauri duk da ɗingishin da yake yi.

Da suka hau tudun ruga ya tsaya cak.

Babu kowa. An cire tabarmin bukkoki, sai ƙirare tsaye. Turakun maruƙa babu komai a jikinsu. A wani murhu an bar tukunya da tuwon da ba a gama tuƙawa ba. Jibrilla ya shiga bukkar farko ya fito, ya shiga ta biyu, yana kiran innarsa da Fulatanci. Sai ya dawo ya durƙusa a tsakiyar fili, ya dafe kai.

Na'Allah ya taɓa tokar murhu, ya zagaya bayan ruga a hankali, idonsa a ƙasa. Ya yi nisa kaɗan ya dawo.

"Tashi. Ba wanda yat taɓa su, ba sawun babur ko guda. Harbin da anka yi da rana sunka ji, sunka ɗaure kaya. Arewa sunka yi, hanyar Burkusuma."

"Inna ba ta iya tahiya."

"Tana bisa jaki, mutum biyu na riƙe da ita, guda dama guda hagu. Shanunka ma an kora su, suna baya. Da tsohuwa da maruƙa ba su yin sauri. In ka bi kwarin ga ka bar hanyar mota, kana cim masu kahin su kai iyaka."

Jibrilla ya miƙe, ya goge fuska da hannun riga.

"Ka ce masu an gano gaskiya," in ji Na'Allah. "Ka ce Marafa ya ce su dawo."

Jibrilla ya juya ya kalli garin can ƙasa, ya kalli shatin igiya a wuyan hannunsa.

"Za ni hwaɗa masu, Baffa. Amma in sun tambaye ni ko ni za ni dawo, ban san abin da za ni ce ba."

Ya gangara cikin kwarin. Na'Allah ya tsaya a kan tudu yana kallonsa har duhun itatuwa ya rufe shi. Sannan ya ɗauke tukunyar daga murhu, ya rufe ta da faifai, ya juya ya nufi gari don a yi jana'izar Yari da shi.